Yadda na nemi maganin damuwar lokacin sanyi a Riyad, daga mustausaf (ƙaramin asibiti) har zuwa sauya dawam (lokacin aiki)

Wannan bayani na rubuta shi ne saboda 'yan'uwanmu masu aikin dare a Saudiyya, musamman na sito-siton Sulay da masana'antun kudancin Riyad, inda mutum zai shekara yana kwana a tsaye ya wuni a kwance. Tun da na fara gaya wa mutane abin da ya same ni, kusan tambaya iri ɗaya ake yi mini, ita ma sai an watse mutum ya ja ni gefe: wace ƙofa ka fara bugawa, nawa ka kashe, kuma kafili ya ji labari? Shi ya sa na ga gara in jero yadda abin ya gudana daki-daki. Ni ma'aikacin kamfani ne, ina da igama, wato takardar izinin zama, da inshorar lafiya, wadda a nan muke ce wa tamin. Direban gida da mai aikin gida da ɗalibi da wanda ba shi da takarda, kowa hanyarsa daban take da tawa, don haka kada wani ya ɗauki lissafina ya ɗora a kan nasa.

Aikina lodi da ƙidayar kaya ne a wani sito, daga goma na dare zuwa wayewar gari. Lokacin zafi ba ni da matsala sosai, domin ko na yi nauyin barci ina tashi in tarar da rana, tun da sai wajen bakwai saura take faɗuwa. Amma a watan Disamba biyar na yamma na wucewa kaɗan za ka ji kiran magariba a Riyad. Motar kamfani ta sauke mu a Manfuha gari bai gama wayewa ba, in shiga ɗakin da muka liƙe tagarsa da kwali da takardar alminiyam saboda masu barcin rana, in ja bargo. Azahar da la'asar a ɗaki nake yin su ido a rufe in koma. In na farka sosai duhu ya yi. Idan kwanaki arba'in ɗin nan na tsananin sanyi da mutanen Najadu, yankin da Riyad take, ke kira marba'aniyya suka kama, wajen 7 ga Disamba, sai mako ya zagayo ban tsaya a cikin rana ba ko sau ɗaya. A daidai wannan lokaci abin yake zuwa mini, kuma shekaru a jere yake zuwa. Barci ba ya isata ko nawa na yi. Hannuwa da ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura mini buhun siminti. Ba na sha'awar komai sai burodi da shinkafa da shayi mai sukari da yawa, har wandona ya daina shiga. Ƙwallon da nake mutuwar so na daina kallo. Maiɗakina ta kira daga Katsina in zuba wa wayar ido har ta katse, alhali ba ta yi mini laifin komai ba, maganar ce kawai ba ni da ƙarfin yi. Wani lokaci hawaye ya zo mini a bayan tulin kwalaye ba tare da an yi mini mutuwa ba. Da watan Maris ya kama kuma sai abin ya ɗaga da kansa, in koma ni.

Abokan ɗakina kowa da fassararsa. Wani ya ce kewar gida ce, in nemi hutu. Wani ya ce zaman gwauranci ne. Wani kuwa ya rantse hannu aka sa mini daga gida saboda an ga na fara gini. Dattijon da muke kira Kawu, wanda aka haifa a Makka kuma shi ne madubinmu a unguwar, shi ya kai ni wajen wani malami mai ruƙiyya. Malamin ya yi mini karatu, ya tunatar da ni addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya ce in riƙa shan talbina, kunun nan na garin sha'ir da madara da zuma wanda ya zo a hadisin Nana A'isha cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya. Daga nan ya tambaye ni yaushe abin yake farawa, yaushe yake tafiya. Da na gaya masa sai ya ce, “Ɗana, abin da ke zuwa da sanyi ya tafi da sanyi, likita ya kamata ya gani. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ka riƙe addu'a, ka kuma je asibiti.” Bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Na faɗi wannan ne domin ba kowane mai karatu ne zai gaya maka haka ba, akwai waɗanda za su yi ta sayar maka da ruwa da mai har sanyin ya wuce, su ce aikinsu ne ya ci.

A daren na kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, wanda ke aiki dare da rana kuma ba a biyan kuɗin shawarar. Ana iya zaɓar Larabci ko Turanci. Na ɗan jira aka haɗa ni da likita. Tambayar da ya fara yi mini bayan ya saurare ni ita ce ko tunanin cutar da kaina ko kashe kaina yana zuwa mini. Gabana ya faɗi, domin ba tambayar da Bahaushe ya saba ji ba ce. Na ce a'a, sai dai nakan ji da ma in yi barci kada a tashe ni. Ya ce wannan ma abin faɗa wa likita ne, kada in ɓoye shi, kuma duk ranar da tunanin ya wuce haka in nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko in kira 997, layin motar asibiti. Ya ce tun da ina da tamin na kamfani, in fara da likitan farko a cikin asibitocin da tamin ɗina ya yarda da su. Bai rubuta mini magani ta waya ba.

Mutane da yawa a nan suke asarar kuɗi. Kowane tamin yana da jerin wuraren da ya amince a je, kuma jerin ya danganta da ajin da kamfaninka ya saya maka. Namu na leburori ƙaramin aji ne, manyan asibitocin da kake gani a arewacin gari ba sa ciki. Jerin yana cikin manhajar kamfanin tamin ɗin a waya, ko ka kira lambarsu su karanto maka na kusa da kai. Sannan tun watan Oktoba na 2022 aka sauya tsarin kason da mara lafiya yake biya daga aljihunsa. Idan ka fara da likitan farko, abin da za ka biya ba ya wuce riyal 25. Idan shi ya tura ka wajen ƙwararre da takardar tahawil, ba ya wuce riyal 75. Amma idan ka tsallake shi ka nufi ƙwararre kai tsaye, ana iya cajinka har rabin kuɗin, zuwa riyal 500. Wani abokin aikinmu ɗan Zinder haka ya yi da ciwon gwiwarsa, ya dawo yana ta sababi. A wannan gyaran ne kuma aka ɗaga abin da tamin ke ɗauka na lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa riyal 50,000. Da yawanmu ba su ma san yana ɗauka ba.

Na zaɓi wani mustausaf da ke kusa da Batha, na je bayan la'asar. A teburin karɓar baƙi lambar igama kawai suka nema, da ita suka ga tamin ɗina a kwamfuta, na biya ɗan kasona aka ba ni lamba. Wurin cike yake da masu mura da tari, lokacinsu ne, na yi zaman fiye da awa ɗaya. Nas ta auna nauyina da hawan jini, ta tambaye ni me ke damuna a gaban mutane, na ce gajiya. Likitan ɗan Sudan ne, dattijo, da ya ga sunana ya gaishe ni da 'yar Hausar da ya tsinta wajen maƙwabtansa a Sinnar. Larabcina na kasuwa ne, yana isa in sayi tumatir in yi faɗa da direba, amma ba ya isa in bayyana abin da ke cikin ƙirjina. Saboda haka tun a ɗaki na rubuta komai a waya, wata da wata, na sa Kawu ya juya mini zuwa Larabci, na miƙa wa likitan ya karanta. Wannan dabara ta rage mini wahala ƙwarai. Ya ciro takarda mai tambayoyi tara, wadda ake kira PHQ-9, kowace tambaya a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, jin daɗin abubuwa, ganin kai ba a bakin komai ba, da sauransu. Kowace amsa tana da maki daga sifili zuwa uku, jimla 27. Na sami 16. Ya ce wannan ya wuce matsakaici, amma kafin ya tura ni gaba sai ya tabbatar ba wani ciwon jiki ne ke kawo kasalar ba. Ya rubuta gwajin jini: yawan jini, sukari, aikin ƙullutun maƙogwaro da ke sarrafa kuzarin jiki, da bitamin D.

Gwajin bitamin D ɗin tamin ya ƙi amincewa da shi. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya nuna mini jan rubutu, ya ce ko in biya ko in bar shi. Na biya riyal 150, raina bai so ba, domin likita ne ya nema, ni ban roƙa ba. Sakamako ya fito bayan kwana biyu, kuma komawa nuna sakamako a kan ciwo ɗaya cikin mako biyu ba a sake biyan kuɗin ganin likita, ka kula kada a karɓa maka. Komai lafiya lau sai bitamin D da ya nuna 11, alhali ƙasa da 20 ma rashi ake ƙirga shi. Likitan ya ce ba abin mamaki ba ne, fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, baƙar fata kuma tana buƙatar rana fiye da fara, ga shi ni ba na ganin ranar gaba ɗaya. Ya rubuta mini ƙwaya mai ƙarfin 50,000, ɗaya a mako har mako takwas. Amma ya ja mini kunne cewa kada in ɗauka ita ce maganin damuwar. Cike gibin yana da amfani ga ƙashi da tsoka, ita kuwa damuwa aikin wani likitan ne. Ya rubuta tahawil zuwa likitan ƙwaƙwalwa a wani asibiti da ke cikin jerinmu, aka aika wa tamin neman amincewa, saƙo ya shigo wayata da daddare cewa sun yarda.

Ranar da aka ba ni ta kai kusan mako biyu a gaba, kuma wannan jiran ya fi komai yi mini wuya. A gida idan aka ce likitan ƙwaƙwalwa, hankalin mutum Dawanau yake tafiya, ko mutumin da ke tsince-tsince a bola. Na yi ta saƙa da warwara: in wani Bahaushe ya gan ni fa, in labari ya kai Katsina, surukaina su ce 'yarsu tana auren mai taɓin hankali. Kawu ne ya ce zai raka ni, ya zauna a mota. Sashen yana hawa na biyu a ƙarshen baranda, ƙofarsa ba ta da bambanci da ta likitan haƙori. A kujerun jira akwai wani Basa'ude cikin farar tobe da jar shimaga yana danna waya, da wani saurayi ɗan Filifin da rigar aikinsa ta gidan abinci, da wata dattijuwa da jikarta ke riƙe mata jaka. Babu mai ihu, babu wanda aka ɗaure. Kowa ya sunkuyar da kai yana gudun haɗa ido da ɗan'uwansa, ni ma haka. Na biya riyal 75 ɗin cif.

Likitan ya ba ni kusan minti arba'in, abin da ban taɓa samu wajen wani likita ba. Ya tambayi aikina awa da awa, ya tambayi ko akwai mai irin wannan a danginmu, ko ina shan wani abu don in yi barci ko don in hana kaina barci. Ya daɗe a kan wata tambaya: ko na taɓa yin kwanaki ina jin ƙarfi fiye da kima, ba na buƙatar barci, ina kashe kuɗi ba lissafi, ina surutu ba tsayawa. Ya ce dole ya sani, domin mai irin wannan yanayi maganinsa daban ne, kuma maganin damuwa ko haske mai ƙarfi na iya tayar masa da shi. Sannan ya ce abin da ke damuna ciwon damuwa ne mai bin yanayin shekara, kuma ba a kiransa haka sai ya zo ya tafi a lokaci ɗaya aƙalla shekara biyu a jere. Na ce masa ai na ɗauka wannan ciwon mutanen Turai ne. Ya ce gaskiya can ya fi yawa, domin a Landan wunin Disamba bai cika awa takwas ba, a arewacin Norwe kuwa akwai garuruwan da rana ba ta fitowa kusan wata biyu. Likitan da ya fara bayyana ciwon a rubuce a 1984, Norman Rosenthal, shi kansa daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka ya ji sanyin can yana sauya shi. Riyad tana da wuni na awa goma da rabi ko a tsakiyar sanyi, amma ni na mayar da shi kusan sifili da dawam ɗina da tagar da na liƙe. Ya yi mini bayanin cewa hasken da ke shiga ido ne yake saita agogon jiki. Idan duhu ya yi ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, hasken safe ne ke tsayar da shi, kuma ƙarancin haske yana taɓa sinadarin serotonin da ke da hannu a walwalar mutum. Fitilar ɗaki ko ta sito ba ta wuce ma'aunin haske ɗari uku zuwa ɗari biyar, rana tsaka kuwa tana kai dubu ɗari. Ido yana ganin sito da haske tar, jiki kuwa a wajensa dare ne.

Abu uku ya tsara mini: magani, haske, da fita daga dawam ɗin dare. Maganin sertraline ne, aka fara da ƙaramin awo. Ya gaya mini tun farko cewa ba zan ji sauƙi a makon farko ba, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, illolinsa kuma su ke riga amfaninsa zuwa. Haka aka yi. Tashin zuciya, ciwon kai, baki ya bushe, barci ya rikice, har na kira asibitin ina cewa maganin bai karɓe ni ba, nas ta ce in riƙa sha bayan na ci abinci in daure. Bayan kamar kwana goma waɗannan suka lafa. A kantin magani na cikin asibitin na karɓa, na biya kaso kaɗan domin na yarda da wanda ba na asalin kamfanin ba, sinadarin ɗaya ne. Ba a sayar da shi sai da takardar likita. A nan zan yi wa 'yan'uwa kashedi: kada ka sa wani mai zuwa Umara ya taho maka da ƙwayar barci ko tramadol daga gida don ka ji wani ya ce tana sa walwala. Ba maganin wannan ciwon ba ce, kuma hukuncin shigo da irin waɗannan ƙwayoyi ƙasar nan ba wasa ba ne, za ka jefa kanka da ɗan aiken cikin bala'i.

Na tambaye shi batun fitilar nan ta musamman da ake sayarwa a intanet. Ya ce ita ce ake amfani da ita a ƙasashen duhu, mai ƙarfin 10,000, mutum ya zauna kusa da ita minti 20 zuwa 30 da safe ba tare da ya ƙura mata ido ba, kuma mai ciwon ido ko ciwon sukari sai ya tuntuɓi likita tukuna. Sai ya nuna taga ya ce wadda Allah ya rataya mana a nan ta fi ta ƙarfi kuma kyauta ce, in adana kuɗina. Kafin a sauya mini dawam, ya ce in sa ƙararrawa ƙarfe uku na rana, in fita masallaci sallar la'asar da ƙafa, in zauna a waje aƙalla rabin awa ba tare da baƙin tabarau ba. Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Ranakun farko wani ƙaramin yaro ɗan Maradi da muke ɗaki ɗaya ne yake yaye mini bargo yana cewa, “Yaya, tashi, likita ya ce.” Akwai wani dakali a bakin shagon mai wanki da rana ke bugawa har wajen huɗu da rabi, nan nake zama da kofin shayi ina kallon yara suna ƙwallo a layi.

Sauya dawam shi ya fi cin rai. Likitan ya rubuta mini rahoto, wanda tamin ba ya biya, na ba da riyal 100 aka buga hatimin asibiti. Na roƙe shi kada ya rubuta sunan ciwon, ya rubuta cewa ina ƙarƙashin kulawar likita kuma lafiyata tana buƙatar aikin rana. Ya ce abin da ke cikin fayil ɗina sirri ne tsakanina da asibiti. Shi ne ma ya fara gaya mini cewa akwai ƙa'idar aikin dare da Ma'aikatar Ƙwadago ta fara aiki da ita a farkon 2020. A ƙa'idar, aikin dare shi ne daga sha ɗaya na dare zuwa shida na safe, kuma ba a barin ma'aikaci a kansa fiye da wata uku a jere sai an mayar da shi rana aƙalla wata ɗaya, in ba shi ya amince a rubuce ya ci gaba ba. Wanda ya kawo shaidar likita cewa dare yana cutar da shi kuma ana nema masa aikin rana. Da na bincika sai na gano cikin tulin takardun da aka ba mu muka sa hannu ranar da muka fara aiki, duk da Larabci, har da ta amincewa da zama a dare. Na kai wa mushrif ɗinmu, wato mai kula da mu a wurin aiki, rahoton, ya jefa a aljihun tebur ya ce bukra, wato gobe, kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san tsawon bukra. Da na ga mako ya wuce sai na ɗauki kwafi na kai ofishin kula da ma'aikata da kaina, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kan nawa kwafin, na rubuta cewa na janye amincewata. Ba a yi faɗa ba, ba a kuma yi mini barazanar kora ba. A farkon wata na gaba sunana ya fito a jerin masu safe. Kuɗin alawus na dare ya fita daga albashina, kuma na ji shi a abin da nake aikawa gida.

Da na koma safe sai likitan ya juya tsarin: haske a awa ta farko bayan tashi. Ina sauka daga motar kamfani tun kafin a kai ƙofa in ƙarasa da ƙafa, hutun rana kuma a waje nake cin abinci ko da iska na kaɗawa. Na cire kwalin tagar da ke saitin gadona, masu barcin rana muka sa musu labule mai kauri a tsakani. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Abin da na fara lura da shi shi ne na kira gida da kaina, na kuma tsaya har aka ba ni yara ɗaya bayan ɗaya. Da na koma asibiti bayan wata guda makina a takardar nan ya sauko zuwa 9. Ya haɗa ni da wata ƙwararriya mai zaman tattaunawa, tamin ya amince da 'yan zama kaɗan. Aikinta shi ne ta sa ka kama tunanin da ke cewa kai ba ka da amfani, ka auna shi da hujja, ta kuma sa ka tsara abubuwan da za ka yi a mako ko ba ka jin yi. Da farko na raina abin, na ga hira ce kawai ake biya, amma jadawalin nan ne ya mayar da ni cin tuwon Juma'a a gidan Kawu. Da azumi ya matso na tambayi yadda zan sha magani, ya ce sau ɗaya ne a rana, in mayar da shi lokacin sahur. Ya kuma gargaɗe ni da yadda garin nan ke juya dare ya zama rana a Ramadan, ga shi azumin yana ƙara matsowa cikin sanyi shekara bayan shekara.

Idan na haɗa duk abin da ya fita daga aljihuna, ganin likitoci da gwaji da rahoto da magani na watannin, bai kai riyal 700 ba, kuma mafi yawansa gwajin da aka ƙi biya ne da rahoto da kason komawa. Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da likitan farko ya karɓi tahawil, ya rubuta abin da ke damunsa kafin ya je, ya kuma faɗi watannin da abin ke zuwa da tafiya, domin da “gajiya” kawai na tsaya a kai da bitamin za a ba ni a sallame ni. Duk takardar da za ka miƙa wa kamfani ka riƙe kwafi mai hatimi. Kada ka jira sai Janairu lokacin da ko wanka ya zama aiki, domin neman layin asibiti da bin ofis suna buƙatar ƙarfin da ciwon yake fara cinyewa. Akwai kuma masu samun irin wannan da zafi maimakon sanyi, su nasu rashin barci ne da rashin cin abinci da ƙunci, kuma a ƙasar da mutane ke wuni a ɗaki daga Yuni zuwa Satumba bai kamata a yi wasa da shi ba. Mata ma su sani an fi samunsa a cikinsu, ga 'yan'uwanmu mata da yawa a nan da ke wuni a gidajen da tagoginsu ba sa buɗuwa.

Maganin ba a yanke shi rana ɗaya ko an ji garau, yin haka yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Nawa sai da zafi ya kama sosai likitan ya riƙa rage mini a hankali har na daina, ya kuma ba ni ranar komawa a watan Oktoba don mu shirya tun sanyi bai shigo ba, ya ce wataƙila haske da dawam ɗin safe su wadatar, wataƙila a koma kan magani na 'yan watanni. Wanda hutunsa na zuwa gida ya faɗo yana tsakiyar shan magani, ya gaya wa likita tun da wuri a rubuta masa wanda zai ishe shi har ya dawo, ya bar ƙwayoyin a cikin kwalinsu na asali, ya sa takardar likita a jakar hannu saboda masu bincike a filin jirgi, na nan da na Kano.